Sharhina kan sikbe ɗin makarantar su Ummi da matar da ke riƙe da shi

Shekara ta uku kenan Ummi tana makarantar kwana, kuma sai yanzu na ga ya kamata in zauna in faɗi abin da idona ya gani game da ɗakin shan maganin makarantar, wanda yara ke ce wa sikbe, saboda na lura mu iyaye in muna nema wa yaro makaranta abin da muke tambaya bai wuce sakamakon WAEC da NECO, da abinci, da ko an kewaye wajen da katanga ba, da wuya ka ji wani ya ce to wa ke duba yaran in ba su da lafiya. Ni kam ita ce tambayata ta farko, don Ummi sikila ce. Ba zan kama sunan makarantar ba, ta 'yan mata ce dai, tana ɗan bayan garin Bauchi, ita ma nas ɗin ba zan faɗi sunanta ba don na san halinta, ba za ta so ba. Yara Anti Nas suke ce mata, ni kuma Sista.

Gaskiya tun farko ban so a kai ta kwana ba. Baban Ummi ne ya dage, Hajiya surukata tana bayana, mun fi wata guda ana abu ɗaya a gidan. Duk uwar da ta taɓa kwana zaune tana matsa wa yaro ƙafa yana ihu da ciwon ƙashi ta san abin da nake ji a lokacin.

Ranar da muka kai ta, a watan Satumba na 2023, bayan an gama duba akwati aka ce mu biya ta sikbe. Ɗaki biyu ne da baranda, gado 6, kabad ɗin magani, sai tebur da wani katon littafi mai baƙin bango. Ina faɗin sikila sai matar nan ta ajiye biro ta jawo min kujera ta ce, "Maman Ummi, zauna, ke ba da sauri za ki tafi ba." Wallahi mun fi minti 40. Rukunin jininta, nawa PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, yake zama in tana lafiya lau, yaushe rabon da a yi mata ƙarin jini, me ya fi tayar mata da ciwon, sanyi ne ko gajiya ko zazzaɓi, a ina yake fara kama ta, lambar katinta na asibiti, lambar wayata da ta babanta da ta wani na uku in an rasa mu. Ta karɓe folik asid da Paludrine ɗin rigakafin maleriya da na zuba mata a jaka ta ce magani ba ya kwana a hostal, kullum da safe kafin asambuli Ummi za ta zo ta sha a gabanta ta sa hannu a littafi. Sannan ta yagi takarda ta rubuta wa matiron: gadon ƙasa, nesa da taga, ba wankan ruwan sanyi da asuba, a riƙa ɗebo mata ruwan zafi a kicin, ba leba, ba siniyar da za ta sa ta durƙuso a rana, a bar ta ta shiga aji da gorar ruwanta kuma in ta ce za ta zagaya kar malami ya hana ta. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta juyo min littafin ta ce in ƙirga, shafin masu sikila kaɗai yara 11 ne. Ban yi mamaki ba, a ƙasar da ake haifar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ai ba makarantar da za a rasa su, sai dai a rasa wanda ya san da zamansu.

Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne wani dare a watan Janairu, a zango na biyu, lokacin da sanyin hunturu ya kankama hazo ya rufe gari. Ƙarfe ɗaya da wani abu wayata ta yi ƙara, ina ganin sunan Sista gabana ya faɗi. Muryarta a natse ta ce, "Maman Ummi, kar ki tayar da hankalinki, amma ku same mu a imajansi na asibitin koyarwa, mun riga mun taso." Daga baya na ji yadda aka yi. Tun bayan la'asar Ummi ta je da ciwon baya, aka ba ta magani da ruwa mai yawa aka sa mata jakar ruwan ɗumi, ciwon ya lafa, ita yarinyar har tana roƙon a bar ta ta koma firef, wato karatun dare, saboda suna da gwaji washegari, Sista ta ce a sikbe za ta kwana. Cikin dare ta tashi duba ta sai ta ji numfashinta ya canza, yana sauri, ga ɗan tari, ta auna zafin jiki ya haura 38 da rabi, ta maƙala mata ɗan abin nan na yatsa da ke nuna iskar da ke cikin jini ta ga lambar tana sauka. Ba ta tsaya jiran gari ya waye ba, ba ta tsaya jiran firinsifal ta ɗaga waya ba, ta sa maigadi ya je ya taso direba, ta naɗe yarinyar da bargo suka kamo hanya.

Da muka isa asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) mun same ta tsaye bakin gado da hijabi a kan kayan barci, silifas a ƙafarta, ta riga ta miƙa wa likita takarda mai ɗauke da komai, ƙarfe nawa ciwon ya fara, me aka ba ta, sau nawa, PCV ɗinta na yau da kullum. Likitan ya ce ciwon ne ya hau ƙirji, wanda shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kashe masu sikila, aka sa mata iskar oksijin, aka fara allurai, washegari aka yi ƙarin jini. Kwananmu 6. Sista ba ta bar wajen ba sai da aka kira sallar asuba, ta ce min dole ta koma akwai masu shan maganin safe suna jiranta. Na riƙe hannunta na rasa me zan ce, ta ce, "Ai 'yata ce ni ma."

Ni dai a wajena aikin nas ɗin makaranta kenan. Ba wai ta fi likita sani ba ne, ta san yarinyar ne, ta san yadda take numfashi in tana lafiya shi ya sa ta gane da ya canza, kuma ta san inda iyakarta take, ba ta tsaya tana gwada sa mata ruwa a ɗaki don a ce ta iya ba.

Sauran aikin nata na yau da kullum ma ina yabawa. Zazzaɓi ba ta ba da maganin maleriya sai ta tsaga yatsa ta yi gwajin nan na minti 15, in ya nuna akwai to Coartem ɗin nan sau 6 cikin kwana 3 a gabanta za a shanye shi, don ta san halin yara, suna jin sauƙi a rana ta biyu sai su cusa sauran ƙarƙashin filo. Shekarar da muka shiga ana tsakiyar fama da mashaƙo a Kano da Yobe har da nan jiharmu, sai da ta bi katin rigakafin 'yan aji ɗaya kaf. A watan Oktoba na 2023 da aka fara allurar HPV ta rigakafin kansar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Bauchi na cikin jihohin farko, kun dai tuna surutun da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp wai ta hana haihuwa ce, to matar nan ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kiran iyaye tana bayani da Hausa ba tare da ta raina wa kowa hankali ba, wanda ya yarda ya sa hannu, wanda ya ƙi ba a taɓa 'yarsa ba. Ni na sa. Da zafi ya shigo a 2024 ana jin labarin sanƙarau a makarantun kwana na Yobe, ita ta tsaya kai da fata sai da aka rage cunkoso a wani hostal aka gyara tagogin da aka toshe da kwali tun lokacin sanyi. Ko ɓeraye a sito ba ta ƙyale ba, ta ce a jihar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani ba za a bar buhun garin kwaki a buɗe ba, har sai da suka sami saɓani da mai kula da kicin.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba. Ummi a makaranta ta fara al'ada, ba na kusa, Anti Nas ce ta zaunar da ita ta koya mata yadda ake sa audugar mata da yadda za ta tsaftace kanta, ta kira ni da daddare ta faɗa min cikin sirri, ta ce ta ƙara sa mata ido saboda mai ƙarancin jini ce. Na ji ciwon ba ni ce a wajen ba, amma na gode Allah da ya sa mai hankali ce a wajen.

Toh amma tunda sharhi ne ba zan ɓoye inda yake yoyo ba. Na farko ita kaɗai ce, yara sun haura 600, sai wata dattijuwa mai taya ta shara da gyaran gado. Ranar da ta tafi ta'aziyya garinsu kwana 3 matiron ce ta riƙe makulli, fanadol kawai ake rabawa, ban runtsa ba har ta dawo. Na biyu, muna biyan kuɗin magani duk zango cikin kuɗin makaranta amma kafin a kai tsakiyar zango kabad ya yi fayau, sau biyu ana kirana in aiko da magani, kuma na sani sarai akwai lokutan da daga albashinta take sayen abin gwajin maleriya. Wannan ba daidai ba ne, hukumar makaranta ce da alhaki. A lokacin direba ba a cikin makaranta yake kwana ba, daren nan na Ummi sai da aka ɓata kusan rabin awa ana nemansa. Firij ma a lokacin babu wuta mafi yawan lokaci. Ita kanta Sista tana da faɗa, ƙananan yara suna shakkarta, kuma saboda masu zuwa da ciwon ƙarya ranar gwajin lissafi wani lokacin takan kora mai ciwon gaske a karon farko, wata maƙociyarmu ta yi min ƙorafin haka a kan 'yarta mai olsa, na kuma faɗa wa Sista ido da ido, ta yi shiru sannan ta ce za ta gyara. Da rana kuma kar ma ki wahalar da kanki kiranta, ba ta ɗagawa sai bayan isha'i.

Ƙanena malami ne, shi yake faɗa min wai tun 2006 gwamnatin tarayya ke da tsari a rubuce kan kula da lafiyar 'yan makaranta, na ce masa to a yawancin makarantun da na zaga kafin mu zaɓi wannan, abin da na tarar akwati ne mai auduga da aidin a ofishin mataimakin firinsifal. Ga shi nas-nas ɗin ma ficewa suke yi, hukumarsu ta ƙasa ta ce sama da 15,000 ne suka bar Najeriya a 2023 kaɗai, Ingila da Saudiyya da sauransu. Sista tana da takardunta cif, ta yi karatun jinya ta yi na ungozoma, ƙawayenta da yawa sun tafi, na taɓa tambayarta ta ce min mahaifiyarta ta tsufa kuma ta saba da yaran.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekarar farko. An kira malamin da ya fi kowa zuwa da wuri, an kira gwarzon malamin lissafi, an kira hostal ɗin da ya fi tsafta, har mai ba fulawa ruwa an tafa masa, kuma duk sun cancanta, amma ba wanda ya ambaci sikbe. Na waiga ina nemanta a rumfa ban gan ta ba, ashe tana can da wata yarinya da ta faɗi wajen fareti saboda rana. A taron PTA na gaba na miƙe, muryata na rawa, na ba da labarin daren Janairu, kafin in zauna wata uwa ta tashi da nata labarin na asma, wani uba ya tashi da na 'yarsa da kunama ta harba. Nan take aka yanke a yi karo-karo. Aka sa wa sikbe sola mai ɗaukar firij da fanka biyu da ƙwan fitila, aka matsa wa makaranta ta ba direba ɗaki a ciki, an kuma yi alkawarin ɗaukar nas ta biyu wanda har yau muna jira kuma ba za mu daina tunatarwa ba. Ranar 12 ga Mayu, da yake ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, muka je mu 9 da turmin atamfa biyu da takardar yabo a firam, aka kira ta gaban asambuli, yara suka yi ta tafi suna Anti Nas, Anti Nas, har 'yan aji ɗayan da ke tsoronta.

Ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Da muka rako ta baranda sai ta jawo ni gefe ta ce, "Maman Ummi, rigar sanyin nan tata ta matse ta, in za ki zo bizitin ki taho da wata, da safa ko ƙafa uku, kuma folik asid ɗinta saura na sati biyu."