Tsohon gida a Zango, na Birni, ko fili a bayan gari: abin da mai saye zai duba a Damagaram

Wanda ya tara kuɗin gida a Damagaram yau, abu huɗu dillalai za su nuna masa: tsohon gida a unguwannin da ke wajen ganuwa irin su Zango da Sabon Gari, gidan gado na ƙasa a cikin Birni, sabon ginin siminti da aka yi don sayarwa, ko kuma fili a bayan gari ta hanyar Tanut ko ta Mirriya. Ni dai na farkon nake ba mutane shawara, muddin takardarsa na da kyau kuma ruwan sama ba ya kwana a ƙofarsa. A tsohon gida fili da unguwa ake saye, ginin kamar gyaran ciniki ne aka ɗora a kai. Idan ginin ya yi kyau, madalla. Idan bai yi ba, har yanzu kana da wuri kusa da Kasuwar Dole, da kwalta, da asibiti, da makarantar yara, ga wuta da famfo an riga an ja tun da daɗewa.

Sabon ginin sayarwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Fenti ne da tayil, ba ka ga ƙarfen da aka sa a ginshiƙi ba, ba ka san bulo nawa aka buga da buhun siminti ɗaya ba. Filin bayan gari kuwa na mai haƙuri ne, wanda zai ci gaba da biyan haya yana jiran turken wuta ya iso.

Birni kam ya cancanci a tsaya. Nan fadar Sarkin Damagaram take, nan ake ganin zankaye da zanen bango da ragowar ganuwar Sarki Tanimun, kuma tun 2006 unguwar na cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Kyau dai akwai shi. Matsalar mai saye ita ce gidajen can galibi na gado ne, iyakarsu katangar maƙwabci ce ba turken awo ba, kuma lungu da yawa mota ba ta shiga. Ka tambayi kanka ta ina yashi da siminti za su bi ranar gyara, domin abin da tifa za ta sauke a ƙofa sai an ɗauke shi a amalanke ko a ka, kuma kuɗin lebura ne. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya faɗi a farkon Satumba 2024 bayan ruwa mai yawa ya san ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. In ba ɗan unguwar ba ne kai, mai sarkin magina a hannu da niyyar yaɓe duk shekara, bar wa masu shi.

Yanzu ga tsohon gidan Zango ko Sabon Gari. Yawanci bangon tubali ne ko bulon ƙasa da aka shafe da siminti, rufin kuma ko soro ko kwano. Ka je da maginin da kai ka ɗauko, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Daga waje za ku fara, kuma daga ƙasa. A tsofaffin unguwanni titi tashi yake yi a hankali saboda yashi da shara da cikon da ake zubawa, gida kuwa yana nan inda aka gina shi. Magini ya ɗauko siririn tiyon ruwan nan da suke daidaita gini da shi, ya auna daga tsakiyar titi zuwa tsakar gida, sannan zuwa daɓen ɗakuna. In tsakar gida ta fi titi ƙasa ko da da taƙi ɗaya ne, ruwan Agusta shigowa zai yi, ba fita ba. Dokin ƙofar da aka ƙara wa tsawo sau biyu ko uku shaida ce babba. Gyaran wannan ciko ne, kuma da zarar an cike daɓe rufi ya matso kai, ƙofofi sun gajarce, ka shiga aikin da ya kusa kai rushewa.

Daga nan sai gindin bango. Ƙwanƙwasa shi da mabuɗi ko ƙaramar guduma daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, ciki da waje. Inda ya yi amo irin na wofi, siminti ya rabu da ƙasa ke nan. Siminti a kan bangon ƙasa yana hana laima fita, sai ƙasar ta riƙa rududdugewa a ɓoye alhali fuskar tana nan sumul. Farin gishiri-gishiri a gindin bango, ko fenti mai kumbura, duk alamar abu ɗaya ce. Tsagar da ta miƙe siririya a shafe ba abin damuwa ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ta fi faɗi a sama, ita ce ke nuna ƙasa na zama. A nan sai a tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike, ko akwai tsohuwar salga a ƙarƙashin ɗakin. Sabon fenti a bango ɗaya tak cikin gida duka, shi ma tambaya ce.

In soro ne, a hau. Azarar giginya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita 2 sai da ginshiƙi ko ɗaurin guga, wato rufin da ake lanƙwasawa kamar baka, don haka ɗaki mai faɗi da aka yi wa shimfiɗa kai tsaye, duba tsakiyarsa ko ya lotsa. Soka wuƙa a bakin azara inda ta shiga bango, domin nan gara ke fara ci. A sama kuma duba kaurin ƙasar: wasu duk shekara ƙari suke yi ba sa kankare tsohuwar, har nauyi ya fi ƙarfin itacen. Indararo ya zama dogo, yana zubar da ruwa nesa da gindi, kuma ka lura ko na maƙwabci a bangonka yake zuba. In kwano ne, a ɗaga silin a leƙa da rana tsaka. Duk ramin ƙusa da ke yoyo zai nuna kansa da haske.

Wayar wuta a irin waɗannan gidaje, ɗauka kawai za ka sake ta. Ka nemi rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na kamfanin ruwa, ka ga sunan wa ke kan kwantar da ko akwai bashi.

Ruwan sha shi ne ke raba farashin gida biyu masu kama ɗaya a garin nan. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Arungoza da Ganaram ta arewa, kuma ba kowane layi ne yake samu daidai ba. Ganin kan famfo a tsakar gida ba ya nufin komai. Kada ka tambayi mai gida. Tambayi matan maƙwabta: daga Maris zuwa Yuni sau nawa famfo ke kawowa a mako, da wane lokaci, kuma nawa ƴan garuwa ke sayar da jarka a lokacin. Yawan amalanken jarkoki da ke shiga layin da safe ya ishe ka amsa. Gidan kan tudu ya tsira daga ambaliya amma shi ne na ƙarshe a samun famfo, na kwari kuma akasin haka, shi ya sa gida mai ɗan gangare a tsakani ya fi su duka. Dutsen nan kuma yana da wata illa: inda yake kusa da sama, haƙa sabuwar salga aiki ne mai cin kuɗi, don haka a duba ta yanzu saura nawa ta cika da ko akwai wurin wata. Da so samu ne a ga gida sau biyu, a Afrilu da Agusta. In ba hali, je washegarin ruwan sama ko ka nemi layin da ruwa ya bari a katangun waje.

Farashi kuma ba a ɗaukarsa daga bakin dillali. Nemi gida uku da aka riga aka sayar a unguwar kwanan nan, kuɗin da aka biya ba wanda aka yi ta kira ba. Mai unguwa da maginan wurin sukan sani. Raba kowanne da faɗin filinsa don ka san kuɗin mita ɗaya. A ɗauka, don misali kawai, an sa wa gida mai murabba'in mita 300 miliyan 15 na sefa, alhali kango mai wannan girma a layin an sayar miliyan 9. Ke nan miliyan 6 ake nema a kan ginin. In magininka ya ce gyara zai ci miliyan 4, ka san inda tayinka zai tsaya. Sai awo na biyu, haya: in gidan zai kawo jika 60 a wata, wato 720,000 a shekara, sai ya yi kusan shekara 21 kafin ya mayar da miliyan 15. Yi wannan lissafin ga maƙwabtansa ka ga ko shi kaɗai ne ya yi nisa. Gidan da ke bakin hanya, wanda za a iya fitar da shago biyu a gabansa, lissafinsa daban ne, haka ma wanda ma'aikata ko ɗaliban Jami'ar André Salifou za su so, musamman gab da komawa makaranta a Oktoba.

Duk wannan aikin banza ne in takarda ba ta da kyau, kuma a nan ne mutane suka fi ƙonewa. Takardar da ta fi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin da gwamnati ke yi wa rajista, har da sauƙaƙƙen nan da ake kira Sheda. Bayanta sai takardar mallakar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wadda ake ce wa akt, mai ɗauke da lambar ilo (rukunin filaye) da ta farsel (filin kansa). Takardar shaidar gargajiya ko ta cinikin hannu da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, amma ba ta kai waɗancan ba, kuma dole farashi ya nuna haka. Kada ka yarda da kwafi. Ka ga ta asali, ka rubuta lambobin, ka je da ƙafarka ma'aikatar magajin gari da ofishin kadastar, mai kula da awo da rajistar filaye, a buɗe rajista a gabanka a ga sunan da ke ciki. Akwai takarda ta gaskiya mai lambar wani fili dabam, akwai wadda aka ce ta ɓata aka fitar da madadinta alhali ta asalin na hannun wanda ke bin mai gidan bashi, akwai titir da aka jinginar a banki. Ɗauki mai awon fili ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda, domin zaure ko shagon da aka turo cikin titi ba naka ba ne, ranar faɗaɗa hanya shi za a fara cirewa.

Gidan gado ya fi kowanne tarko. Babban wa ne zai zo da fara'a ya ce shi ne uba a gidan yanzu, kowa ya yarda. Maganarsa ba ta isa ba. Nemi takardar kotu mai jera magada duka, da takardar zaman dangi da ta naɗa shi wakili, ta kuma ba shi izinin sayarwa. Ƙirga sunayen, sannan ka bincika a unguwa: mata nawa marigayin ya bari, akwai ɗiya mace da ke aure a Kano ko Maraɗi, akwai ɗa a Libiya ko Aljeriya, akwai marayu ƙanana, an fitar wa matar tumuninta? Magaji ɗaya da ba a tambaya ba zai iya kai ka kotu bayan ka gama zuba siminti. Duk dillalin da ya ce "Alhaji, kawo kafin alƙalami yau, akwai wani ɗan kasuwa da zai biya gobe", so yake ka yi cinikin biri a sama. Wasu ma gidan da aka ba su amanar karɓar haya suke nunawa, mai shi yana wani gari bai san ana yi ba. A yanke la'ada tun farko, a san mai biyan ta da dillalai nawa ne a cinikin, don sukan yi yawa ranar biya.

Biya a gaban notar ake yi, wato masanin shari'a da hukuma ta ba izinin rubuta yarjejeniyar ciniki, ko aƙalla ta banki da shaidu daga kowane ɓangare, kuma hannu da hannu da takardar asali. In akwai ƴan haya ko wata tsohuwa ta dangi a ɗakin baya, a rubuta ranar tashinsu, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an miƙa maka mabuɗai gida ba kowa. A cikin yarjejeniyar a faɗi wanda zai biya bashin lampo, wuta da ruwa, sannan a fara sauya suna a takarda da kwantoci a makon nan, kafin magini ya sa guduma a bango.