Sharhi kan cibiyar tarihin Beothuk da ke Boyd's Cove

Duk wanda tafiya ta kai shi tsibirin Newfoundland na Kanada a lokacin zafi, ina ba shi shawara ya ratse cibiyar tarihin al'ummar Beothuk, 'yan asalin tsibirin, da ke Boyd's Cove, kan hanyar Gander zuwa Twillingate. Wurin ba shi da girma, kuɗin shiga ma ba wani mai yawa ba ne, sai dai ana rufe shi idan sanyi ya shigo.

Abin da ya fi tsayar da ni ƙusoshi ne. Ƙusoshin ƙarfe na Turawa, an daddake su an mayar da su tsinin kibiya, ga tsatsa ta ci gefensu. Masuntan Turai kan zo kamun kifi, sanyi na kawo jiki su koma gida su bar rumfunansu, su kuma Beothuk su zo su tsince ƙarfen. A kan wannan ne Ralph Pastore, masanin tono kayan tarihi da ya gano kufan ƙauyen Beothuk a nan a 1981, ya kafa hujjarsa: mai samun ƙarfe ba tare da ciniki ba, me zai kai shi wurin baƙo? Shi ya sa suka ja jikinsu, babu fatauci mai ɗorewa, babu tafinta a tsakani. Da Turawan Ingila suka zauna dindindin, abin da Beothuk suka ɗauka yasasshe ne, su sata suka kira shi, sai bindiga ta shigo.

Daga ginin akwai hanyar ƙafa ta kilomita 1.5 cikin kurmi zuwa kufan ƙauyen, inda aka gano gurbin gidaje 11 da aka zauna tsakanin wajen 1650 da 1720. A hanya za ka iske mutum-mutumin tagulla na Shanawdithit, aikin Gerald Squires. Ita ce tarin fuka ya kashe a St. John's a 1829, wadda aka rubuta a matsayin 'yar Beothuk ta ƙarshe da aka sani. Ka tafi da maganin sauro, don ba sa wasa.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan wannan ƙarewa. Harold Horwood ya rubuta a 1959 cewa don nishaɗi aka riƙa harbe su. Frederick Rowe ya ce an zuzuta. Wasu suka jingina abin ga yunwa da cuta. Na yarda Horwood ya ƙara gishiri, amma raina ba ya kwanciya idan aka ce yunwa kawai aka yi shiru. Wa ya tare bakin kogunan da suke kamun kifi? Wa ya raba su da gaɓar teku, ya tura su tsakiyar tsibirin da abincinsa ba ya riƙe mutum shekara? A Maris 1819 ayarin wani Bature, John Peyton ƙarami, ya kama wata 'yar Beothuk mai suna Demasduit, aka kashe mijinta Nonosabasut da ya zo karɓar ta, jaririnsu ya rasu bayan 'yan kwanaki. Ƙoƙon kawunan ma'auratan ma an kwashe zuwa Sikotilan, sai a 2020 aka maido su.

Ƙorafina yana kan kamfanin yawon buɗe ido da ya kai mu. Direban, wanda shi ne jagora, ya shaida mana da ƙarfin gwiwa cewa Faransawa ne suka biya 'yan Mi'kmaq, wata ƙabilar 'yan asalin yankin, su ƙarar da Beothuk. Wannan tsohon zance ne da masana ba su samo masa shaida ba, kuma su Mi'kmaq abin da suka gada daga kakanni shi ne wasu Beothuk sun fake a cikinsu har aka yi auratayya. Ga shi ya riƙa azalzalar mu mu koma mota. In da hali, ɗauki hayar mota ka je da kanka, ka ba wurin rabin yini, tambayoyinka kuma ka kai su ga ma'aikatan cibiyar.