Hattara da masu sayar da koren maki da sunan ƙara wa shafin intanet sauri

Idan kana da shafin intanet, musamman kanti a Shopify ko WordPress (dandalin gina shafuka), wata rana za ka iya samun imel daga wani da ba ka sani ba. Zai ce ya duba shafinka ya tarar yana tafiyar hawainiya, ya haɗo da hoton gwajin PageSpeed Insights (ma'aunin saurin shafi na Google) mai jan maki, wato maki mara kyau. Daga nan sai romon baka: ka ba shi kwana ɗaya makin zai haura 95, Google kuma ya ɗora ka a shafin farko. Ni na faɗa hannun irinsu, shi ya sa nake wannan gargaɗi.

Na biya, na ba shi shiga a matsayin mai kula da shafi. Washegari na gwada da kaina, sai ga 98 kore shar. Har godiya na rubuta masa. Amma da na buɗe shafin a wayata, jiya i yau: farin allo na ɗan lokaci, hotuna suna saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan su da igiya. Na yi masa magana, ya ce in ƙara haƙuri, gyaran bai gama zama ba. Bayan mako guda ya daina amsa saƙo.

Wani abokina mai rubuta manhaja ne ya tona asirin. Ya buɗe fayil ɗin da ke riƙe da fasalin shafin, can sama ya nuna mini wasu layuka na haruffa da lambobi a cakuɗe, ba mai iya karanta su da ido. Da ya warware su, abin da ke ciki bai wuce umarni ɗaya ba: duba wanda ya shigo, in na'urar gwaji ce irin Lighthouse ko GTmetrix, to kada a loda sauran kayan shafin. Wato ita na'urar kusan fanko ake nuna mata, ta auna shi ta ba da maki mai kyau, su kuwa mutane na gaske suna nan suna jiran shafin da duk nauyinsa. Ashe duk kwanakin nan kallon kitse nake yi wa rogo.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne makin nan na 0 zuwa 100 gwaji ne na na'ura guda a lokaci guda. Abin dubawa yana samansa: idan shafi yana da isassun baƙi, PageSpeed Insights yana nuna abin da masu amfani da Chrome suka gani a cikin kwana 28 da suka wuce. Manyan ma'auni uku ne a wurin. Babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa taɓawa cikin milisakan 200 (wannan ma'aunin shi ne INP, wanda ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a watan Maris na 2024), sannan kada rubutu da hotuna su riƙa tsalle suna sauya wuri. Na shafina ko motsi ba su yi ba. Batun shafin farko na Google kuwa, babu mahaluƙin da zai iya ba ka tabbacinsa, don sauri ɗaya ne cikin abubuwa da yawa da ake dubawa.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mun tarar ya saka kwafin WP Rocket na sata, alhali manhajar, wadda ke ƙara wa shafin WordPress sauri, ta kuɗi ce, kuma irin waɗannan kwafin sukan zo da ɓoyayyiyar ƙofa da masu kutse za su iya shiga shafinka ta cikinta. Sannan ga wani sabon asusun mai kula da shafi da ni ban buɗe ba.

Kafin ka ba kowa shiga, ka ajiye kwafin shafinka gaba ɗaya, ka buɗe masa asusu nasa daban wanda za ka goge in ya gama. Ka ce ya rubuta maka abin da ya taɓa dalla-dalla. Mai aikin gaskiya zai yi maganar rage nauyin hotuna da mayar da su WebP (tsarin hoto mara nauyi), cire manhajojin da ba a amfani da su, da duba ko kamfanin da ke ɗauke da shafin ne matsalar. Wanda bakinsa bai wuce maki ba, rabu da shi.

Mun goge layukan nan da asusun, muka canza duk kalmomin sirri, makin ya koma ja kamar da. Sai a lokacin muka lura hoton da ke fuskar shafin kai tsaye daga kyamara na ɗora shi, ban taɓa rage girmansa ba.