Na'urar awon wuta DT830B: abin da na gani bayan shekara guda ina aiki da ita a Damagaram

Na sayi wannan ƙaramar na'ura ce a kasuwar Dole, a wajen masu sayar da kayan lantarki, bayan batirin solar gidanmu ya fara mutuwa tun kafin tsakar dare alhali panon yana shan rana yini guda. Kamfanoni da dama na ƙasar Sin ne ke ƙera ta da wannan suna ɗaya, kuma tana cikin mafi araha a irinta. Tana auna ƙarfin wuta da volt, da yawan wutar da ke gudana da amper, da turjiyar waya da om, kuma ƙaramin batir mai volt 9 ne ke tafiyar da ita.

Amfaninta gaba ɗaya ya rataya ne a kan ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827: idan aka raba volt da amper sai a sami turjiya, da kuma wata ƙa'ida ta biyu: idan aka ninka volt da amper sai a sami wat, wato ƙarfin da kaya ke ci. Wanda bai riƙe waɗannan biyu ba, lambobin da ke fitowa a fuskar na'urar ba za su gaya masa komai ba.

A ɓangaren sola ne na fi jin daɗinta. Da na auna batirinmu mai volt 12 da asuba, ba a jona masa komai ba, sai na ga 12,0, alhali cikakken batirin irinsa yakan nuna kusan 12,6, wanda ke nufin muna zuƙe fiye da rabinsa kowane dare. Daga nan na bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Fankar ɗaki tana jan amper 1,5, wato wat 18, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana kwana tana juyawa, sa'o'i goma nata kaɗai wat-awa 180 ne, wato wat 18 sau awa goma. Wani ƙwan fitila da aka rubuta wa wat 9 a kwali kuwa amper 0,4 kawai na same shi yana ja, abin da bai kai wat 5 ba, sai na gane dalilin dusashewar haskensa.

Babban abin da ta tona mini shi ne waya. Tsakanin batir da ɗakin baya akwai mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, kuma wayar tagulla mai kaurin milimita 1,5 murabba'i tana da turjiyar kusan om 0,24 a wannan tsawo. Idan amper 5 na bi ta cikinta, volt 1,2 ne ke ɓacewa a hanya, wat 6 kuma na zama zafi a cikin bango. A wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, mai volt 220 ba wanda zai kula da wannan asara, amma a volt 12 kashi ɗaya ne cikin goma. Na sauya waya mai kauri, fitilun ɗakin suka dawo da haskensu.

Sai dai tana da iyakar da ya wajaba mai saye ya sani. Tana auna volt ɗin kuran na gari, wato wutar NIGELEC, amma ba ta auna amper ɗinsa. Akwai dabarar kewaye wannan ga kayan da ke zafi: na cire dutsen guga daga wuta, na auna turjiyarsa na sami om 48, na raba 220 da 48 na sami kusan amper 4,6, wanda idan aka ninka da 220 ya ba da wat 1000 da ƴan kai, daidai da abin da ke rubuce a jikinsa. Dabarar ba ta aiki a kan tsohon ƙwan fitila mai zare, domin turjiyar zaren tana ninkuwa fiye da sau goma idan ya yi ja, haka kuma ba ta aiki a kan firiji ko famfon ruwa masu inji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ramin da ake cusa jar wayar awo a jikin na'urar don auna har amper 10, wanda ba shi da fis, wato ɗan abin da ke katse wuta idan ta yi yawa. Duk wanda ya manta jar waya a cikinsa, ya je ya taɓa kawunan batir ko soket da nufin auna volt, ya haɗa wuta kai tsaye ke nan, kuma yana iya ƙona na'urar har da hannunsa. Ina roƙon iyaye da masu koyar da yara gyaran wuta su nanata wannan tun ranar farko. Wayoyin awon ma sirara ne, nawa sun tsinke daga gindi cikin wata huɗu. Idan batirinta ya yi sanyi kuma takan nuna lamba sama da gaskiya, don haka da zarar alamar batir ta fito nake sauya shi.

Ga magidanci mai pano ɗaya ko biyu, da ɗalibin da ke koyon lissafin lantarki, ina ganin ta cancanci kuɗinta. Wanda sana'arsa ita ce ja wa gidaje wutar NIGELEC kuwa, ya ƙara kuɗi ya nemi mai baki kamar filaya, wadda ke kama waya ta auna amper ba tare da an yanke ta ba.