Wuƙar Sakai, bayan wata takwas a kicin ɗina

Yayana ne ya kawo min ita tsaraba daga Japan. Gyuto ce, wato wuƙar girki ta Japan ta yankan nama da kayan miya, mai tsawon santimita 21, ƙirar garin Sakai da ke kusa da Osaka. Da ya faɗi kuɗinta sai da na riƙe baki, na ce, "Yaya, wuƙa ce ko gwal?"

Ranar farko na gwada ta da tumatir nunanne, irin wanda tsohuwar wuƙata kan murƙushe. Ko dannawa ban yi ba, ta ratsa shi. Albasa ma haka, sirara ƙwarai, kuma hawayen da nake yi ya ragu, don yankawa take yi ba matsewa ba. Ga ta sakayau a hannu, ƙotar itace ce da zoben ƙaho.

A Sakai ba mutum ɗaya ke gama wuƙa ba. Maƙeri ya ƙera, mai wasawa ya fitar da kaifi, wani kuma ya saka ƙota. Tun ƙarni na 16 garin ya yi suna da wuƙaƙen yanka ganyen taba. Bakin tawa na ƙarfen shirogami ne, wato "farar takarda", an lulluɓe shi gefe da gefe da ƙarfe mai taushi. Taurin na tsakiyan ne ke riƙe kaifi, kuma shi ne ya ja min ɓacin rai.

Da Babbar Sallah ƙanwata ta ɗauka ta sara ƙashin rago da ita. Giɓi biyu a baki! Na kusa kuka. Yini guda na yi ina goga ta a dutsen wasa wuƙa da ake jiƙawa da ruwa, mai lambar laushi 1000, kafin giɓin ya ɓace, yatsuna duk sun yi baƙi. Laifina ne, ban gaya mata ba.

Sai tsatsa. Ki bar ta a jiƙe ki je ki duba tukunya, kafin ki dawo ta fara ja-ja, balle in lemon tsami kika yanka. Yanzu tsumma na ajiye mata, ina yanka ina gogewa. Launinta ya koma toka-toka da shuɗi, wannan ba aibu ba ne, kariya ce ma.

Ga ganye, kayan miya da tsokar nama, ban taɓa riƙe kamarta ba. Ƙashi, kabewa mai tauri da daskararren kaza kuwa, tsohuwar wuƙata ta kasuwa nake ɗaukowa. Ita wannan a ɗakina take kwana, cikin kwalinta.