Solar biya kaɗan-kaɗan: inda take lallashi da inda take tilastawa

Duk mai yawo a ƙauyukan Ringim, Gumel, Ɓaɓura ko Dambatta ya san ta. Ɗan faranti a kan rufin kwano ko a gefen soro, waya ta sauko ta shiga ɗaki, ga akwatin batir rataye a bango, ga ƙwayayen fitila uku ko huɗu. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna sayar da irinta a Najeriya, akwai wasu kuma da dama. Samfurin da za mu duba shi ne wanda ya fi yawa a karkara: mai maɓallan danna lamba, da ramin cajin waya, da fitila guda mai kunna kanta idan ta ji motsi. Ana ba da kafin alƙalami, a riƙa biyan sauran kaɗan-kaɗan, ranar da kwanakin da aka biya suka ƙare kuma akwatin ya kulle kansa.

Ta fuskar haske kam babu abin kushewa. Ta fi tocila mai cin batir, ta fi aci-balbal nesa ba kusa ba, babu hayaƙi, babu fargabar gobara kusa da gidan sauro. Amma a san iyakarta tun da wuri. A ce farantin mai wat 12 ne. A yankinmu ana samun kamar awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi, in aka cire asarar zafi da ƙura da waya, abin da zai shiga batir bai wuce wat-awa 45 ba (wat-awa ɗaya shi ne wutar wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Ƙwai uku masu wat biyu-biyu na awa biyar sun cinye 30. Babbar waya mai batir 5000 tana shan kusan 19 kafin ta cika, ƙaramar raka-ni-kashi kuwa huɗu ta ishe ta. Ke nan babbar waya ɗaya tak da fitilun dare sun tashi da aikin yini guda. Wanda ya saya da niyyar buɗe sana'ar caji ya yi kuskuren samfuri, ba laifin kaya ba ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan akwati shi ne yadda yake sarrafa halin mutanen gida ba tare da sun lura ba, kuma wannan fanni ne da masu binciken mu'amalar mutum da kwamfuta suka daɗe a kansa. Tun 1991 Mark Weiser, wani masani a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, ya rubuta cewa fasahar da ta fi tasiri ita ce wadda ke sajewa da rayuwar yau da kullum har a daina ganinta. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Philips ya yayata tunanin gidan da kayan cikinsa ke lura da mutum su yi masa abin da yake buƙata kafin ya nema, har ya buɗe gidan gwaji a birnin Eindhoven na ƙasar Holan a 2002. A gefe guda kuma B.J. Fogg na Jami'ar Stanford ya fitar da littafi a 2003 kan na'urorin da aka ƙera don su sauya ra'ayi ko halin mutum, abin da za mu kira fasahar lallashi. Waɗannan tunane-tunane biyu sun haɗu a akwatin da ke rataye a ɗakin uwargida a Sule Tankarkar.

Mu fara da fitilar mai jin motsi, domin ita ce ɓangaren da ya fi kusa da mafarkin Weiser. Mace ta fito da buta da asuba, hannu ɗaya da yaro, ba ta taɓa komai ba tsakar gida ta haskaka. Ta koma ɗaki, bayan ɗan lokaci fitilar ta rage haske ko ta mutu. A lokacin damina da kunamu da macizai ke yawo, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Sai dai ba ido gare ta ba. Wannan ɗan farin ƙoƙon roba da ke jikinta zafin jiki yake ji, kuma ba zafin kansa ba, bambancinsa da na wurin da ke bayansa yayin da yake wucewa. Daga nan duk matsalolinta suka samo asali. Akuya tana da ɗumi, ga motsi, don haka in fitilar tana kallon turke, kwana za ta yi tana kunna kanta, kafin asuba batir ya yi ƙasa. Zafin da ke tashi daga murhu bayan an sauke tuwo ma yakan ruɗe ta. A bazara kuwa, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma katangar ƙasa ke riƙe da ɗumi har tsakar dare, jikin mutum da bango sun kusa zama ɗaya a wurinta, sai ka matso daf da ita kafin ta farga. Da hunturu tana jin mutum daga taku bakwai ko takwas. Masu gida da yawa sukan ɗauka ta lalace ne a bazara, alhali lafiyarta ƙalau.

Gyaran ba wuya. A rataye ta a tsayin mita biyu zuwa biyu da rabi. A sa ta inda mutane za su gitta ta gabanta, kada a sa ta inda za su nufo ta kai tsaye, domin gittawa ta fi saurin ji. In babu yadda za a kauce wa dabbobi, a manna ɗan baƙin salatef a gefen ƙoƙon da ke fuskantar turken. Kuma kada a kai ta zaure don karatun dare: wanda ya zauna shiru da allo a hannu, a wurinta babu kowa, za ta bar shi cikin duhu sai ya ɗaga hannu.

Na biyu shi ne alamar batir, 'yan ɗigo ko sanduna masu haske a fuskar akwatin. Wannan lallashi ne mai kyau, domin ba ya buƙatar karatu. Yaro ma ya san in sanda ɗaya ta rage ba a jona waya. A 2005 masu bincike a Suwidin sun ƙera wayar lantarki mai walƙiya gwargwadon wutar da ake ja, don mutane su ga abin da suke ci da idonsu, kuma dabarar ɗaya ce da wannan. Aibinta shi ne ba ta cika faɗin gaskiya ba. Yawancin waɗannan akwatuna batirin litiyam nau'in LiFePO4 ne a cikinsu, wanda ƙarfinsa ke tsayawa kusan wuri ɗaya har sai ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi farat ɗaya. A samfuran da ke auna ƙarfin kawai, za ka ga sanda uku bayan isha'i, ƙarfe goma sha ɗaya kuma gida ya yi duhu. Alamar da ke nuna awa nawa ya rage ta fi amfani ƙwarai, kuma in ana da zaɓi ita za a ɗauka.

Galibin ƙorafin cewa batir ba ya cika daga farantin ne. A sa shi ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 12 zuwa 15, daidai da matsayin Kano da Jigawa. In ka fuskanci alƙibla, hannunka na dama kusan kudu ne. Inuwar reshen darbejiya guda a kan kusurwa tana rage aikin farantin fiye da yadda girmanta zai sa ka zata. Da hunturu a share shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa duk kwana biyu ko uku, da sassafe kafin ya ɗau zafi. Akwatin kuma kada a manna shi daf da kwano, zafi ne ke rage wa batir kwana.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato biya. A nan akwatin ba don gida yake lallashi ba, don kamfani yake yi. Yana nuna kwanakin da suka rage. In sun kusa ƙarewa, wata alama ta canja launi ko ta riƙa ƙyaftawa, saƙon tes kuma ya shigo waya. Babu laifi a tunatar da mai bashi. Amma a 2009 Fogg ya bayyana cewa kafin mutum ya aikata abu sai abubuwa uku sun haɗu a lokaci guda: yana so, yana iyawa, kuma an tuna masa. Manomin da ke jiran kasuwar Maigatari ta Alhamis ko ta Wudil ta Juma'a ya sayar da ɗan akuya, in aka aiko masa tes ranar Litinin, yana so, an kuma tuna masa, iyawar ce babu. Tunatarwa irin wannan ba ta haifar da biya, ɓacin rai take haifarwa. Babban giɓin kuma na shekara ne. Kuɗin manomi da kaka suke zuwa, bayan an yanke gero da riɗi, a watan Agusta kuwa rumbu ya yi ƙasa, ga hadari ya rufe rana, wutar ta ragu, amma kwanaki suna tafiya yadda suka saba. Lokaci ake biya, ba wutar da aka sha ba. Ko an rufe gida an tafi biki na mako guda, lissafi bai tsaya ba.

Ga kuma tambayar wa ake yi wa magana. Layin maigida aka yi rajista da shi, shi kuma ya tafi ci-rani Legas ko Abuja. Tes ɗin yana can a aljihunsa, sau da yawa da Turanci, ita kuwa wadda duhun zai rufe tana gida ba ta ga komai ba sai ƙyaftawar alama. Ko ya biya daga can, lambar buɗewa wayarsa za ta shiga, sai ya kira ya karanto.

Wannan lamba, wadda ejan-ejan ke kira tokin, dabara ce mai kyau a asali. Akwatin ba ya buƙatar sabis: yana da mabuɗin sirri a cikinsa da yake gwada lambar da shi, shi ya sa yake aiki a rugar da ko kira ba ya shiga, kuma lambar wani gida ba ta buɗe na wani. Amma a dubi yadda ake shigar da ita. Lambobi tara ne a wasu samfuran, a wasu sun haura goma sha biyu, maɓallan ƙanana, kuma yawanci sai wuta ta ɗauke ake tunawa, ana haska su da fuskar waya, murya na yankewa daga ɗaya ɓangaren. In aka yi kuskure sau da yawa a jere, maɓallan sukan daina karɓa na ɗan lokaci, a wasu samfuran ma jiran yana ƙaruwa da kowane kuskure. An yi haka ne don hana masu cinke, amma tsohuwar da ido ya yi wa rauni ita ke shan hukuncin. Mafita ita ce a rubuta lambar a takarda uku-uku, a shigar da rana, kuma tun kwanakin ba su ƙare ba, domin sababbin kwanaki kan tsofaffi suke hawa.

Shi kuwa kullewar, a kira shi da sunansa. Fogg da kansa ya ware tilastawa da yaudara daga ma'anar lallashi. Akwatin da batirinsa ke cike amma ya ƙi ba da haske saboda an makara da kwana ɗaya ba lallashi yake yi ba. Mun fahimci dalilin: ba don wannan makulli ba, babu kamfanin da zai ba talaka kaya bashi ba jingina ba mai tsaya masa. Duk da haka, barin ƙwai guda a mafi ƙarancin haskensa na 'yan kwanaki ba zai karya kowa ba, kuma a gidan da ke da mai jego ko mara lafiya bambancin ba ƙarami ba ne. Haka nan saƙon murya da Hausa, da damar sa layi na biyu na matar gida, da tsarin biya mai nauyi da kaka da sauƙi da damina, duk abubuwa ne da fasahar yau ba ta gaza su ba.

Ga wanda ke da abin shiga na mako-mako, mai shago, tela, mai shayi, ko gidan da ke da ɗa mai aiko da kuɗi, wannan sola ta cancanci saye. Manomi zalla kuwa gara ya sayi kwanaki masu yawa da kaka, ko ya yi adashi ya saya kuɗi hannu, domin jimillar biya kaɗan-kaɗan ta fi farashin lakadan. Kafin a sa hannu, a sa ejan ya rubuta jimillar duka da adadin watanni, da abin da zai faru in an daɗe ba a biya ba, da tsawon garanti da inda ake kai gyara. A yi rajista da layin da aka haɗa da NIN, domin layukan da aka rufe a 2024 saboda rashin haɗawa ko tes ba sa karɓa. A biya ta lambar asusun akwatin a wurin mai POS, a karɓi rasit, kada a danƙa wa kowa tsabar kuɗi a kan zai tura daga baya. Ranar biyan ƙarshe kuma akwai lamba ta musamman mai buɗe akwatin gaba ɗaya. A shigar da ita nan take, a duba cewa lissafin kwanaki ya daina sauka, sannan a adana takardar tare da rasit ɗin farko.