Gargaɗi kan masu "gwajin kwamfuta" da wankin guba ta ƙafa

Jama'a, a yi hattara da wata sana'a da ta bazu a garuruwanmu tana fakewa da sunan naturofati, wato magani da tsirrai da abinci da sauran abubuwan halitta. Za ka gan su sun kafa rumfa a bakin kasuwa, ko a harabar ma'aikata daidai lokacin albashi, ko an gayyato su taron mata a unguwa. Farar riga irin ta likitoci, laftof a kan tebur, kwalabe jere a baya. Tallarsu ɗaya ce: gwajin jiki gaba ɗaya cikin minti guda, ba allura ba ɗibar jini, kuma kyauta. Gwajin kam kyauta ne, kuɗin yana cikin abin da zai biyo bayansa.

Sunan naturofati ba su ne suka ƙirƙire shi ba. Wani Bajamushe mai suna Benedict Lust ne ya yaɗa shi a New York a farkon shekarun 1900, bayan ya koyi magani da ruwa a wajen wani limamin coci, Sebastian Kneipp, a Jamus. A wasu jihohin Amurka da lardunan Kanada ana yin karatun shekara huɗu a ba da lasisi, kuma ko a can likitoci na jayayya da da yawa daga cikin hanyoyinsu. Wanda ke zaune a rumfar nan tamu galibi kwas ɗin 'yan kwanaki ya yi a wajen kamfanin da ya sayar masa da na'urar, aka ba shi takarda mai tambarin zinare, ya fara amsa "Dakta".

Na'urar ana kiranta Quantum Resonance Magnetic Analyzer. Ɗan akwati ne da ake jona wa laftof da waya, da sandar ƙarfe da za a ce ka riƙe a tafin hannu. Kafin ka riƙe, za a shigar da sunanka, shekarunka, jinsinka, tsayinka da nauyinka. A lura da wannan matakin, don nan ne asirin yake. Bayan minti ɗaya sai rahoto mai shafuka da yawa ya fito: hanta, ƙoda, zuciya, ƙashi, ido, bitamin, sinadarin ƙarfe a jini, har da ƙarfin maniyyi ko lafiyar mahaifa. Abin da sandar ke iya ganewa bai wuce cewa wani abu mai ɗaukar lantarki ya taɓa ta ba. Sauran lambobin manhaja ce ke fitar da su daga bayanan da aka shigar. Mutum mai shekara 55 da tumbi dole rahotonsa ya nuna maiƙo a jini da matsalar mafitsara. Mace mai shekara 30 kuma za a ga "sanyin mahaifa". Ba a auna suga sai da ɗigon jini ko ɗan firikwensin da ke shiga ƙarƙashin fata, ba a gane aikin ƙoda sai da gwajin jini da fitsari, kuma har yau babu asibitin koyarwa da ke yanke hukunci da wannan sanda.

Kama ƙaryar ba wuya. A gwada mutum ɗaya sau biyu a jere, karo na biyu a canja suna a rage masa shekara 20, a kwatanta takardun biyu. Ko a naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye ta a kan tebur, a ga ko tsumma ba zai fito da ciwon hanta ba. Mai na'urar ba zai yarda a yi wannan a gaban jama'a ba, ƙin yardarsa ma amsa ce.

Karatun rahoton shi ne inda gwanintarsu take. Zai kalle ka ya ce, "Alhaji, kana yawan jin kasala da yamma ko? Bayanka na riƙewa? Wani lokaci ciki na kumburi bayan cin abinci?" Wane baligi ne zai ce a'a? Daga nan sai a nuna maka jajayen layuka a allo a ce hanta ta cika da datti, ƙoda ta fara gajiya, kuma akwai "istaf" a jini. Wannan istaf ɗin ya zama jarinsu babba. Ƙwayar cutar Staphylococcus aureus tana zaune a hanci ko fatar kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi musu komai ba. In kuwa da gaske ta shiga jini, mutum ba zai iya zama a benci yana sauraron talla ba: zazzaɓi ne mai zafi da kwanciya a asibiti da allurar jijiya. Amma an ɗora mata ciwon mara, ƙaiƙayi, rashin haihuwa da saurin kawowa, duk a ƙarƙashin sunan sanyi, saboda sun san cututtuka ne da mutane ke jin kunyar kai wa asibiti.

Mataki na biyu shi ne wankin guba ta ƙafa, wanda ya fi komai ɗaukar hankali domin ido na gani. Za a zuba ruwan ɗumi a baho, a barbaɗa gishiri, a tsoma wani dunƙulen ƙarfe mai waya, ka sa ƙafafunka na minti 30. A hankali ruwan zai koma rawaya, ya koma ruwan ƙasa, kumfa da baƙin gari su taso. Akwai ma takarda mai launuka: wannan daga hanta, wannan daga gaɓoɓi, wannan daga huhu. Abin da ke faruwa kuwa darasin sakandare ne. Idan lantarki ya ratsa ƙarfe a cikin ruwan gishiri, ƙarfen yana narkewa ya zama tsatsa, kumfar iskar haidurojin ce, ɗan warin bilic da ake ji kuma kulorin ne daga gishirin. Yawan gishiri, yawan datti, shi ya sa wanda ake son tsoratarwa ake cika masa hannu. A kunna na'urar ba ƙafar kowa a ciki, ruwan zai yi dattin nan dai. A 2012 masu bincike a kwalejin naturofati ta Kanada da ke Toronto, wato 'yan gidan da kansu, sun gwada irin wannan baho da ƙafa da kuma ba ƙafa, suka auna ruwan da fitsari da gashin waɗanda aka gwada. Ba su sami alamar guba na fita daga jiki ba, ƙarafan da ke cikin ruwan daga na'urar suka fito. Haka ma filastar da ake liƙawa a tafin ƙafa a kwana da ita: a ɗiga mata ruwan famfo, za ta yi baƙi.

Bahon ba asarar kuɗi kaɗai ba ne. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi, ko yake da ɗan miki tsakanin yatsu, in ya tsoma ta a bahon da mutum goma suka riga shi, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Daga irin wannan ƙaramin miki ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Akwai kuma "wankin hanta". A hana mutum abinci, a ba shi gishirin Epsom mai sa gudawa, da dare ya sha kusan rabin kofi na man zaitun da ruwan lemon tsami. Da safe zai ga korayen dunƙulalliya a bayan gida, a ce duwatsun matsarmama ne suka fita. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a New Zealand kan irin waɗannan "duwatsu". Da aka ɗumama su sai suka narke, babu kolestarol ko kalsiyam irin na dutsen gaske a cikinsu. Man da aka sha ne ya haɗu da ruwan narkar da abinci ya zama wani abu kamar sabulu. Mai dutsen gaske kuwa, shan mai da yawa haka yana matse matsarmama, dutse na iya maƙalewa a bututu, a wayi gari a ɗakin tiyata.

Duk wannan share fage ne na sayar da kwalabe. Za a rubuta maka haɗi na wata uku, kala huɗu ko biyar, kuɗinsa ya fi na ganin ƙwararren likita da gwaje-gwajensa. In ka ce ba ka da shi, sai a ce ka yi rajista ka zama wakili, ka kawo mutum biyu ka sami ragi. Wanda ya zo neman lafiya ya koma dillali, yana tallata wa surukansa.

Abin da ke cikin kwalabar ya fi damunmu. Ganye ba ya kashe ciwon gwiwa cikin awa biyu. In ya yi haka, a yi zargin an zuba masa maganin asibiti a ɓoye, abin da hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa suka sha kamawa. Na ciwon gaɓoɓi ana haɗa shi da dexamethasone, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, ko da diclofenac. Alamar na farko ita ce fuska ta yi zagaye kamar wata, ci ya buɗe, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Na biyun yana cin bangon ciki har ya yi jini, yana kuma lalata ƙoda. Na ƙarfin maza ana sa masa sildenafil ba awo, wanda in ya haɗu da maganin ciwon zuciya irin su isosorbide jini na iya faɗuwa warwas. Na suga ana sa masa glibenclamide, mutum ya haɗa da nasa na asibiti, sugar ta sauka ya yi gumi ya suma. Shayin "wanke ciki" kuma galibi filasko ne ko danginsa. Gudawar da yake sawa tana zubar da ruwa da sinadarin fotashiyam, mai shan maganin fitsari na hawan jini kuwa dama yana asararsa, sai bugun zuciya ya rikice.

Ko ba a haɗa komai ba, tsiro ma na iya kisa. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 sun gamu da lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia bisa kuskure, wasu har wankin ƙoda da dashe. Mu ba masu raina tsirrai ba ne. Maganin maleriya da ake sha yau, artemisinin, daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka ciro shi, har mai binciken da ta gano shi, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke hawan jini, zogale abinci ne mai kyau, rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana da tafiyar ƙafa suna aiki. Sai dai waɗannan an auna su an san iyakarsu, kuma ba sa buƙatar rajistar wakilci.

Za su nuna maka lambar NAFDAC. A duba ta da kyau. Magungunan tsirrai da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, ma'ana an yi musu rajistar wucin gadi bayan duba cewa ba su da guba a fili. Wannan ba shaida ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa ake buga wa kwalin jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar ma ana satar ta daga wani kaya. A shigar da ita a Greenbook, kundin kayan da NAFDAC ta yi wa rajista, a intanet, a ga ko sunan kaya da na kamfani sun yi daidai da na kwalabar.

Kalma mafi haɗari a bakinsu ita ce, "Ka ajiye na Bature tukuna, kada su yi karo." In jiki ya rikice, amai ko kumburin ƙafa ko idanu su yi rawaya, sai su ce ciwon ne ke fita, a ƙara kwalba. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa yana iya jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Mai shan maganin HIV da ya tsaya, ƙwayar cutar na dawowa cikin makonni kuma tana iya daina jin maganin. An ga haka a Gambiya daga 2007, lokacin da shugaban ƙasar na wancan lokaci, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar da ganye ya sa marasa lafiya suka bar magungunansu, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira suka kai ƙara a 2018. A ciwon daji ma, binciken jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya nuna waɗanda suka zaɓi irin wannan magani kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu maganin asibiti sau biyu da rabi, a sankarar mama kuma ya haura sau biyar.

Wanda aka riga aka tsorata shi da takardar kwamfuta, ya kai kansa asibiti a yi gwajin gaske. Suga kafin karyawa in ta kai 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 a mmol/L, a gwaji biyu, shi ne ciwon suga. Hawan jini sai an sami 140 bisa 90 ko sama a ranaku dabam-dabam. Ƙoda ana duba kiriyatinin a jini da furotin a fitsari, hanta ana duba sinadarin ALT a jini da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, dutsen matsarmama kuma sikanin ke nuna shi. Mai kiran kansa likita a tambaye shi lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya.

Wanda ya riga ya fara sha, ya ɗauki kwalaben duka da kwalayensu ya nuna wa likita ko masanin magunguna, kada ya ɓoye don kunya. Maganin asibitin da aka ajiye a gaya wa likita ranar da aka daina, don ba kowanne ake komawa kansa a tsohon awo ba. In an kai mako uku ana shan haɗin kuma fuska ta kumbura, kada a yanke shi rana ɗaya: jikin da ya saba da dexamethasone yana daina yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya jawo amai, faɗuwar jini da suma, sai likita ya riƙa rage shi a hankali. A ajiye rasit, da hoton kwalba ta gaba da baya, da lambar rukunin da aka buga a jiki, a kai ofishin NAFDAC na jiha. Batun kuɗin da aka karɓa da yaudara kuma na hukumar kare haƙƙin masu saye ne, FCCPC. A bar ragowar maganin cikin kwalabarsa ta asali, don shi za a kai ɗakin gwaji.